Roƙon da Muka Aika Arfa

Bana ma watan aikin hajji ya faɗo a bakin damina. An yi ruwa sau ɗaya a nan Kalgo, mai ƙarfi, har masu gaggawa suka fita da iri, daga nan sama ta washe ta koma fara fat. Da hantsi nakan zauna gindin darbejiyar ƙofar ɗakina ina tsintar shinkafa, in ji jirgin alhazai ya tashi daga wajen Birnin Kebbi, jikokina su fita da gudu suna ɗaga masa hannu. Maƙwabciyata tana cikin waɗanda suka tafi. Kullum sai ta kira 'ya'yanta a waya, suna ganin fuskarta tana ganin tasu, har abin da ta ci take nuna musu.

Rabon da hajji ya zo a irin wannan lokaci, da irin wannan zafi mai ƙona numfashi, an fi shekara talatin. A waccan shekarar ina aure a wani ƙauye kusa da Kambaza, ƙasar Gwandu. Ba na son a tambaye ni labarinta, kuma ba wanda ya tambaye ni. Zafin bana ne ya tono mini ita.

Mijina sunansa Haliru, ko da yake ban taɓa kiransa da sunan ba yana raye. Shi ne ɗan fari a wurin Malam Hamidu, wanda duk gidan muke kira Baba, da matarsa Inna Kulu. Gida ɗaya muke, tukunya ɗaya. 'Ya'yana biyu a lokacin: Sa'adu, wanda ya fara gudu da surutu, da Ige tana goye. Sunan mahaifiyar Baba aka sa mata, shi ya sa ba ya kiranta sai da "uwata". In ya dawo daga masallaci ita yake fara nema, ya ɗora ta a cinya tana jan gemunsa.

Daminar da ta gabata ba ta yi mana kyau ba. Gero ya fid da kai, ruwa ya ɗauke kafin ido ya cika. Tun sanyi bai gama wucewa ba muka share rumbunan da muke ci. Saura ɗaya, na bayan ɗakin Baba, wanda ya liƙe bakinsa da laka da hannunsa. A cikinsa iri yake, da hatsin da za a ci lokacin noma. Dokar Baba ita ce ba a taɓa shi sai ruwa ya zauna. Ba mugunta ba ce. Yana saurayi ya ga wata yunwa, ya ga gidajen da suka cinye komai da bazara, ruwa ya sauka ba su da abin shukawa, ba su da ƙarfin riƙe hauya. Yakan ce yunwar bazara kan kwantar da mutum, amma ta damina ce ke kai shi kabari.

Haka muka shiga bazara. Da an yi sallar asuba ni da Inna mu ɗauki tuluna mu tafi rijiya, mu tarar da mata sun riga mu. Guga ya sauka ya dawo rabinsa laka, sai a zauna a jira ruwa ya tattaru. Yanzu na ji an ce akwai famfo a tsakiyar ƙauyen, yara ma ke ɗiba. Daga rijiya sai daji, neman yaɗiya da ganyen da bai bushe ba, da aduwa, da goruba don yara su gwagwiya. Dusar da a da muke zuba wa awaki ita muke sake dakawa mu tankaɗe mu yi kunu. Sau ɗaya ake hura wuta a yini. Maza su tafi Gwandu ko Jega neman dako ranar kasuwa, wanda ya dace ya dawo da ɗan garin rogo a ƙulle a gefen riga. Da rana ta take, ƙasa ba ta takuwa. Kaji su laɓe ƙarƙashin rumbu baki buɗe, tabarma ma zafi take yi. Can da la'asar hadari ya haɗu a gabas baƙi ƙirin, iska ta taso ta kwashe shara ta watsa mana a ido, sannan komai ya watse.

Nonona ya fara ƙafewa. Ige ta kama ta saki ta yi kuka, har kukan ya koma ɗan ƙugi. Gashin Sa'adu ya yi ja, ƙafafunsa suka kumbura, in ka danna da yatsa gurbin ya daɗe bai cike ba. Haliru ya yi ta zuwa wurin mahaifinsa yana durƙusawa.

"Baba, ko dami ɗaya a fitar, don yaran ga."

"In anka buɗe don dami ɗaya, an buɗe ke nan," in ji Baba. "Ku ƙara haƙuri. Ruwa na tafe."

Ruwa bai zo ba. Wata Juma'a Baba ya hau jakinsa ya tafi masallaci Gwandu. Haliru ya ce kansa na ciwo, ya zauna. Baba na ɓacewa ya ɗauki fartanya ya nufi bayan ɗaki.

"Luba, kawo tabarma ki shimfiɗa nan."

Na ce, "Ka jira Baba ya dawo."

"Na jira," ya ce. "Dubi ƙafar yaron ga ki ce in ƙara jira."

Ya fasa lakar. Ƙamshin geron da ya fito daga rumbun nan har yau in na tuna sai yawu ya taru mini. Inna tana tsaye tana kallo, ba ta ce a yi ba, ba ta ce a bari ba. Niyyarsa dami biyu ne ko uku. Turmi ne ya tona mana asiri. Ƙauyen ya daɗe bai ji taɓarya ta sauka kan hatsi na gaske ba, kuma kowace mace ta san bambancin sautin. Kafin mu gama sussuka mata sun fara shigowa, kowace da ƙwarya a hannu da yaro a baya. Ba su roƙa ba. Tsayawa kawai suka yi a jikin zana suna kallon turmin. Haliru ya dube su, ya koma ya hau rumbu. Ya yi ta miƙo zangarniya har abin da ke ciki ya koma ƙasa da rabi.

Da la'asar Baba ya dawo. Ya ga ƙaiƙayi a tsakar gida, ya ga hayaƙi, ya ga matan maƙwabta. Ya wuce ya leƙa rumbun, ya daɗe kansa na ciki. Da ya juyo sai ya ɗaga sandarsa ya sauke wa Haliru a kafaɗa. Haliru bai motsa ba. Ya ƙara masa. Da ya sake ɗagawa, Haliru ya kama sandar ya ce, "Baba, ya isa haka," ya fizge. Ban ce ya yi niyya ba, kuma ba zan taɓa cewa ba. Amma tsoho ne, ga yunwa, ga tafiyar rana. Ya biyo sandar ya kife a bakin murhu, fuskarsa cikin toka, rawaninsa ya warware ya gangara gaban matan nan.

Haliru ya yi wuf zai ɗaga shi.

"Kada ka taɓa ni."

Da kansa ya tashi, a hankali, toka a gemunsa da girarsa. Bai ɗaga murya ba.

"Hannun da ka sa ka kayar da ni gaban mata, ban yafe ba. Duniya da lahira ban yafe ba."

Inna ta ɗora hannu a ka. "Malam, janye! Don Allah janye wagga magana!"

Ya tsinci rawaninsa ya shige ɗaki. A ranar mun ci tuwon gero, ba wanda ya iya ƙi sai Baba. Sa'adu ya ci har ya yi barci da loma a hannu.

Washegari tun asuba Haliru ya durƙusa a ƙofar zaure. Baba ya fita masallaci ya wuce shi, ya dawo ya wuce shi, har rana ta ɗaga. Baffa Ladan, ƙanen Baba da ke gidan da ke jikin namu, shi ya ba da shawarar ya ɗan gusa har zuciyar tsoho ta sauka. Sai Haliru ya shirya zuwa Kalgo gidan iyayena, inda ake samun aikin fadama ko da rani. Da zai tafi ya ɗauki Ige ya jinjina ta, ya ce mini, "In ya huce ki aiko mini."

Sau ɗaya ya aiko mana da ɗan ƙunshin shinkafa. Saƙon da ya biyo baya na ciwo ne. Sanƙarau ya shigo Kalgo a bazarar, ya kama shi a fadama, aka ɗauko shi wuyansa a sandare. Ɗan aiken ya ce ba abin da yake faɗa sai a kira masa Baba. Baba ya saurara, ya yini a zaure. Washegari ya sa rigarsa ya tafi bakin hanya neman mota. Na ga fitarsa, zuciyata ta yi sanyi, na ce to, an gama. Ya isa Kalgo ya tarar an dawo daga maƙabarta.

Mahaifina ne ya raka shi kabarin. Daga baya ya gaya wa mahaifiyata, ita kuma ta gaya mini, cewa Baba ya daɗe tsaye yana kallon ƙasar, hannayensa a baya. Bai ɗaga su ba.

Aka yi zaman makoki a ƙauye. Ina ɗaki na shiga takaba, zana ce kawai tsakanina da inda maza suke zaune. Duk wanda ya zo ya ce, "Allah shi gafarta mishi, Allah shi yi mishi rahama," sai in kasa kunne. Baffa Ladan ya ce amin, sauran su ce amin. Baba kuwa sai ya ce, "Mun gode." Ban ji ya ce amin ko sau ɗaya ba.

A cikin wannan hali tafiyar Makka ta taso. Wani ɗan ƙanwar Baba mai fataucin albasa ne ya biya masa kujera tun bara, kuma ba abu ne da za a mayar a sayi hatsi ba. Inna ce ta fara ganin wata ƙofa a ciki. Ta shigo ɗakina ta ce, "Luba, can ba a tsayawa da fushi. Duk wanda ya tsaya Arfa zuciyarsa narkewa take. In ya roƙa mishi gafara a can, ai ya yafe ke nan." Muka riƙe wannan magana kamar abinci. Ta roƙe shi, limamin ƙauye ya yi masa nasiha, Baffa Ladan ya same shi a gona. Baffa ne ya kawo mana amsar da ya samu. Baba ya ce masa, "Ladan, kana zaton ban gwada ba? Baki na iya faɗi, zuciya ba ta bi. Ni kuwa ba ni yi wa Allah ƙarya."

Ana gobe tafiya ya zaga ƙauye gida gida yana neman gafarar mutane, kamar yadda duk maniyyaci ke yi. Da yamma ya zo ƙofar ɗakina. Tun da na zo gidan ban taɓa yi masa magana da ta wuce gaisuwa ba. Ya yi sallama ya tsaya daga waje.

"Luba, zan tafi. In na taɓa yi miki wani abu, ki yafe mini."

Na durƙusa a bayan asabari. "Ba ka yi mini komai ba, Baba. Na yafe." Sai na ji bakina ya ci gaba da kansa. "Ni ma ina da roƙo."

"Ina ji."

"In ka tsaya Arfa, ka roƙa wa baban Sa'adu gafara. Ka ambace shi, Baba. Da kiranka a bakinsa ya cika."

Ina ganin ƙafafunsa ta ƙasan asabarin, yatsun suna motsi cikin ƙasa.

"Miƙo mini uwata in gan ta," ya ce.

Na miƙa masa Ige. Ya riƙe ta, ya tofa mata addu'a, ya maido ta. Da safe aka raka shi Gwandu, inda motar maniyyata za ta kwashe su zuwa Sakkwato.

Bai daɗe da tafiya ba ruwan farko ya sauka. Da azahar ya zo, da tsawa, da ƙamshin ƙasar nan da ke sa mutum ya ji kamar ya ɗiba ya ci. Yara suka fita tsirara suna tsalle. Muka jera duk wata ƙwarya da tukunya a bakin indararo. Washegari Baffa Ladan ya tara gayya don gonar yayansa, tunda gidan ba namiji. Liman ya ce takabata ba ta hana ni fita ba, lalura ce. Maza suna gaba da sungumi suna sara, mu muna biye muna jefa iri muna rufewa da diddige, Ige a bayana. Abin da ya rage a rumbu muka raba biyu, rabi ya shiga ƙasa, rabi ya zama kunun masu gayya da abin da za mu lallaɓa. Cikin 'yan kwanaki gona ta yi kore shar, layi layi. Inna ta tsaya a bakin gona ta ce alama ce, Allah ya fara karɓa.

Daga nan sama ta rufe. Kullum da safe mu fita mu duba gabas. Shukar ta fara naɗe ganye da rana tana warwarewa da yamma, sannan ta daina warwarewa. Ta yi rawaya, ta kwanta, iska mai zafi ta bi ta binne ta da yashi. In ka tona ramin ba ka samun komai sai ɗan zare busasshe. Gidajen da suka ɓoye iri suna jiran ruwa na biyu su sake shuka. Mu ba mu da ko tafi ɗaya. Matan nan da suka tsaya mana da ƙorai ranar Juma'a, a bakin rijiya na ji wasunsu suna cewa ashe Malam ya yi gaskiya, yaro ne ya yi gaggawa. Ba su san ina bayansu ba. Na cika tuluna na wuce.

Aka fita roƙon ruwa filin Idi, maza sun juya rigunansu, an kora awaki da yara a gaba. Hadari ya haɗu a ranar, har aka ji ɗigo a fuska, sannan ya zarce yamma.

Ranar Arfa kowa ya ɗauki azumi. Bai yi wa kowa wuya ba, mun daɗe muna yin irinsa ba niyya. Baffa Ladan ya shanya batiran rediyonsa a rana don su ƙara ƙarfi, ya kawo mana shi tsakar gida. A lokacin in mutum ya tafi Makka ya tafi ke nan, ba a jin ɗuriyarsa sai ya dawo ko a kawo jakarsa. Rediyon nan shi ne kaɗai abin da ya haɗa mu da Baba. Muryar tana zuwa tana ɗaukewa, muna jin gunjin mutane kamar ruwa a kan kwano. Wani malami yana bayani da Hausa, ya ce yanzu alhazai suna tsaye hannuwa sama, kowa yana nema wa kansa gafara, da iyayensa, da iyalinsa, da dukkan muminai rayayyu da matattu, kuma ba ranar da ake 'yanta bayi daga wuta kamar wannan.

Inna ta kama hannuna ta matse. "Yanzu shina tsaye can. Yanzu ne, Luba."

Muka fuskanci gabas a kan tabarma ɗaya, cikin ranar nan, muka ɗaga hannu. Ni dai ba Haliru nake roƙa wa ba a wannan sa'a. Roƙona Allah ya buɗe bakin Baba. Muna nan har batiran suka mutu, har rana ta faɗi, muka sha ruwa da kunun dusa.

Sallah ta zo ba layya a gidanmu. Wani maƙwabci ya aiko da ɗan nama a ganye, Inna ta dafa ta ba Sa'adu romon. Bayan Sallah Ige ta kama zawo. Ba ta da jikin da za ta yi jinya da shi. Wata safiya ina ɗaure ta a baya zan tafi rijiya na ji ta yi nauyin da ba nata ba. Baffa Ladan ne ya ɗauke ta a hannu cikin ɗan ƙyalle, ko makara ba a nema ba.

Ruwa ya dawo bayan an fid da rai. Mahaifina ya aiko da ɗan irin dawa da wake daga Kalgo, muka sake bin gonar, ni da Inna da Baffa, ba gayya wannan karon don ba abin da za a ba mutane. Kowa ya san an makara. Mun shuka ne don kada a ce ba mu shuka ba.

Shukar tana kai idon sawu Baba ya dawo. Ya rame, ya yi baƙi, yana tari irin na alhazai. Aka taru ana yi masa barka, ana kiransa Alhaji, ana miƙa ɗan kofin zamzam daga hannu zuwa hannu, kowa ya kurɓa ya shafa a fuska. Da ya shigo cikin gida ya buɗe jakarsa ya fito da wata 'yar riga ja mai ƙyalli, ya ce, "Ina uwata?" Ba wanda ya gaya masa a hanya. Inna ta faɗa masa. Ya zauna a ƙasa inda yake, ya rufe fuska da rigar, kafaɗunsa suna rawa. Ban taɓa ganin kukansa ba sai ranar. Ya daɗe yana yi mata addu'a, ita da ba ta da zunubin da za a yafe.

Muka jira baƙi suka ragu. Wata la'asar na kai masa abinci gindin rumbu, na ajiye zan juya, Inna ta ce in tsaya. Ta zauna nesa kaɗan da shi.

"Alhaji, saƙonmu fa?"

Bai yi kamar bai gane ba. Ya ture kwanon gefe.

"Na roƙa wa kaina. Na roƙa wa iyayena, da ke, da Ladan, da yarinyar ga da ɗiyanta. Na roƙa wa mutanen garin ga gida gida, har waɗanda ba mu shiri. Na roƙa wa muminai baki ɗaya, na farko da na ƙarshe."

"Shi fa?"

"In shina cikin muminai, ya samu."

Inna ta ce, "Ba shi na tambaye ka ba, Malam. Ɗanka nike tambaya."

Ya dubi hannayensa. "Kulu, na tsaya inda anka ce in tsaya. Rana bisa kaina, mutane na kuka dama da hagu, wanda bai san harshena ba ya rungume ni. Na ce yau zan sauke kayan ga. Na ɗaga hannu, na kawo shi bakina. Sai in ga toka na tahowa fuskata, in ji matan nan sun yi shiru. Na sauke hannu na sake ɗagawa. Har rana ta faɗi ina yi. Bai fito ba."

Inna ba ta yi kuka ba. Ta tashi ta ɗauki tsintsiya ta shiga sharar tsakar gidan da na riga na share.

Kakar shekarar ba ta cika rumbu ɗaya ba. Dawar ta tsaya iya ƙugu ruwa ya ɗauke, wake ne ya ɗan yi. Baba ya ɗaure abin da aka samu, ya zuba a rumbun nan na bayan ɗaki, ya kwaɓa laka ya liƙe bakin. Da na fita takaba iyayena suka zo suka tafi da ni Kalgo. Sa'adu ya zauna wurin kakanninsa, don nasu ne. Na sake aure a nan, na haifi waɗansu. Kabarin Haliru yana maƙabartar da nake wucewa in za ni fadama, amma ruwan shekaru ya baje shi, ban san wanne ba ne yanzu.

Inna ba ta daina ba. Duk shekara in watan hajji ya kama sai ta sake tambayarsa, duk wanda zai tafi Makka daga ƙauyen sai ta bi shi har bakin mota ta ba shi saƙon ɗanta. Suna dawowa su ce sun roƙa. Ta gode musu, amma ta san ba nasu ake nema ba.

Sa'adu ya zama saurayi har ya fara gemu lokacin da ya zo Kalgo a kan babur ya ce in zo, jikin Baba ya shanye, yana kwance ba ya magana sosai. Muka isa da hantsi. An fito da shi rumfar tsakar gida saboda zafi. Ya ƙanƙance, ɓarin fuskarsa ya karkace, idanunsa ne kawai ke bin mutane. Inna ta tsufa, hannunta na rawa, kunnenta ya yi nauyi, don haka ni ta miƙa wa ƙwarya da ludayi, na zauna wajen kansa. Ita tana wajen ƙafafunsa tana matsa su.

Can ta sunkuyo ta ɗaga murya yadda masu nauyin kunne ke yi.

"Malam, tafiya ta zo. Yaron nan na can shina jira. Ka yafe mishi, Malam. Ka ce ka yafe."

Idanunsa suka tsaya a kanta. Leɓɓansa suka motsa, wani ɗan sauti ya fito.

Inna ta saki ƙafafun ta dafe ƙirji. "Ya faɗi! Luba, kin ji? Ya ce ya yafe! Alhamdu lillahi, ya faɗi!"

Na ce, "Na ji, Inna."

Na ɗebo da ludayi na kai bakinsa, yawanci ya bi gemunsa ya zube. Kafin azahar ya cika. Duk wanda ya shigo gaisuwa, kafin ya zauna Inna ta gaya masa Malam ya yafe wa ɗansa kafin ya tafi, ga Luba nan shaida. Ta yi sadakar waina a kan haka. Ta rayu 'yan shekaru bayan nan da sauƙin zuciyar da ban taɓa ganin ta da shi ba, kuma a kan haka ta rasu.

Ni ce nake kusa da bakinsa. Ruwa ya ce.